Ɓari da Rashin Haihuwa: Ina Gado Ya Shigo, Ina Bai Shigo Ba?

Idan mace ta yi ɓarin fari a Sakkwato, jaje ake zuwa yi mata, a dama mata kunun kanwa, a ce Allah Ya mayar da alheri. Idan ta sake na biyu, sai a shiga neman rubutu da tofi. Daga na uku kuwa magana ta sauya. A nan ne uwar miji za ta rage murya ta ce wa ɗanta, "Wagga yarinya fa mahaifarta ba ta riƙon ciki." Wata gwaggo ta ce namijin dare ne, wata ta kai ido ɗakin kishiya. A 'yan shekarun nan kuma an sami sabon zargi da ya fi na da kaifi, saboda ana ganin kamar daga asibiti ya fito: "Gado ne, haka gidansu suke." Akwai gaskiya a cikin maganar gado, amma ba ta tsaya inda masu faɗarta suke son ta tsaya ba, kuma sau da yawa ba ta nuna wadda ake nunawa da yatsa.

A fara daga tushe. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu zarurruka 46 da likitoci ke kira kuromosom, an jera su bibbiyu, kashi 23. A kansu ne aka rubuta kusan duk abin da mutum ya gada, tun daga launin fata har rukunin jini. Sai a 1956 masana suka tabbatar da cewa 46 ne, kafin nan 48 ake koyarwa. Rabi daga uba suke zuwa, rabi daga uwa. Ke nan kafin a sami ciki, dole jikin mace ya rage na ƙwanta zuwa 23, jikin namiji ma ya rage na ƙwayar maniyyinsa zuwa 23, don idan sun haɗu lissafi ya koma 46 cif. A wurin wannan rabon ne ake yawan samun kuskure. Ƙwai ya fito da 24 ko 22, ɗan tayi ya tashi da 47 ko 45, kuma mafi yawan irin waɗannan ba sa iya rayuwa. Makonni kaɗan girma ya tsaya, jini ya ɓalle.

Cikin kowane ciki 100 da mace ta san ta ɗauka, tsakanin 10 zuwa 20 suna zubewa, galibi a watanni ukun farko. Idan aka gwada abin da ya zube, kimanin rabi ana samun wannan kuskuren lissafi ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa shi ne kuromosom mai lamba 16 ya zo guda uku maimakon biyu, kuma irin wannan ciki ba ya kaiwa haihuwa. Abin lura a nan shi ne, ka gwada jinin uwa da na uba ka same su lafiya lau. Kuskuren a cikin ƙwai ɗaya ko ƙwayar maniyyi ɗaya ya faru, a wata ɗaya, ba abin da aka gada ba ne kuma ba abin da za a gadar ba ne. Ba daka ba ne ya jawo shi, ba ɗebo ruwa ba, ba hawa kabu-kabu ba, ba kwanciyar aure ba. Ina nanata wannan ne saboda mata da yawa suna shekaru suna tuhumar kansu kan wani buhu da suka ɗaga, alhali tun ranar da cikin ya shiga ba shi da hanyar tsayawa.

Shekaru suna da hannu sosai a nan. Namiji kullum jikinsa sabon maniyyi yake ƙerawa, amma mace da ƙwayayenta ake haifarta, miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma sun soma wancan rabo tun tana cikin mahaifiyarta, suka tsaya a tsakiya suna jira. Ƙwan da ya fito tana da shekara 40 ya yi shekara 40 a tsaye, kuma sinadarin da ke riƙe zarurrukan wuri guda yana saki a hankali. Wani bincike da aka yi a ƙasar Nowe kan ciki sama da 400,000, aka wallafa a 2019, ya nuna ɓari ya fi ƙaranci ga mata masu shekara 25 zuwa 29, kusan kashi 10 cikin 100, ya haura kashi 50 ga waɗanda suka kai 45. 'Yan ƙasa da shekara 20 ma nasu ya ɗara na 'yan ashirin da wani abu. A gari irin namu, inda mace kan fara haihuwa da wuri ta kuma ci gaba har bayan arba'in, ɓarin da ya biyo bayan haihuwa takwas ko tara yawanci shekaru ne, ba wani ya yi mata komai ba.

To ina gado ya shigo? Ƙofar farko ƙarama ce. Sinadaran da ke gudanar da rabon su ma gadonsu ake yi, kuma na wata mace ya fi na wata ƙwari. A 2024 masu bincike na ƙasar Aisilan suka duba bayanan mata sama da 114,000 da suka taɓa ɓari, suka gano wani sauyi a ƙwayar gado (wato ɗan yanki na rubutun da ke kan kuromosom) mai suna SYCE2, wadda ke cikin masu haɗa zarurrukan bibbiyu kafin a raba su. Mai ɗauke da sauyin haɗarin ɓarinta ya ƙaru da kashi 22 cikin 100. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma a lissafa: idan na kowa 15 ne cikin 100, nata ya zama kusan 18. Mafi yawan cikinta zai tsaya. Irin waɗannan sauye-sauye ɗan karkata ma'auni suke yi, ba sa yanke hukunci. Kuma binciken kan mutanen Turai da Amurka aka yi shi, kamar akasarin binciken ƙwayoyin gado a duniya, alhali mu 'yan Afirka mu ne muka fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninmu. Duk wanda ya ɗauko sakamakon Aisilan ya ɗora wa matar Wamakko ko Bodinga kai tsaye ya yi gaggawa.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda na fi so a fahimta, don ita ce gadon gaske a sha'anin ɓari mai maimaituwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san littattafan hannu na da, marasa ɗinki, kowace takarda a sake cikin gafaka. A ce malam yana da kwafi biyu-biyu na kowane littafi, sai a ɗaya daga cikin kwafin aka yi musanya, wasu takardun littafin fiƙihu suka faɗa gafakar nahawu, na nahawu suka faɗa ta fiƙihu. Shi malam bai rasa komai ba, duk takardunsa suna ɗakinsa. Matsala sai ranar da zai ba almajiri kwafi ɗaya na kowane littafi. Idan ya haɗa masa lafiyayyu biyu, shi ke nan. Idan ya ba shi masu musanyar duka biyu, nan ma babu abin da ya ɓace, a hargitse kawai suke. Amma idan ya haɗa lafiyayye ɗaya da mai musanya ɗaya, almajiri ya tafi da wasu takardu sau biyu, wasu kuma babu su sam.

Haka yake faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin 500. Guntun wani kuromosom ya yi musanya da guntun wani, ba abin da ya ragu, mutum yana lafiyarsa garau, yana noma, yana kasuwa, bai san da komai ba har ya mutu. Amma ƙwai ko maniyyin da yake fitarwa, wani cikakke ne, wani da gibi. Cikin ma'auratan da ke fama da ɓari a jere, ana samun wannan a kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Kuma mai ɗauke da shi zai iya zama matar, zai iya zama mijin. Jikin mace ne ke zubar da jini, amma gibin ta yiwu daga maniyyi ya zo. A yi tunanin abin da wannan ke nufi a gidan mata biyu. Uwargida ta yi ɓari huɗu, dangi suka matsa aka yi amarya, amarya ta ɗauki ciki ita ma ya zube. Kowa ya san wadda za a ce ta yi sammu. Likita kuwa, da za a kai masa labarin gaba ɗaya, jinin maigida zai fara nema.

Labarin wannan musanya ba baƙi ƙirin ba ne. Wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2006 ya bi diddigin ma'auratan da suka yi ɓari biyu ko fiye. Waɗanda ɗayansu ke ɗauke da musanyar sun fi sake yin ɓari, amma a ƙarshe kashi 83 cikin 100 sun sami lafiyayyen ɗa, waɗanda ba su da ita kuma kashi 84. Hanyarsu ta fi tsawo da ciwo, amma kusan wuri ɗaya aka isa. Saki ko ƙarin aure da aka yi cikin fushi bayan ɓari na uku sau da yawa ya riga haƙurin shekara biyu ne kawai.

Mu koma ga wanda ciki bai taɓa shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma ka je ɓangaren mata na kowane babban asibiti ranar ganin likita. Benci cike da mata, kowace da katinta a naɗe cikin gefen hijabi, wata an yi mata hoton ciki sau uku, an yi mata hoton bututun mahaifa mai zafin nan da ake tura ruwa. Likita ta ɗago ta ce, "Hajiya, ina maigidan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana waje wurin mashin, ya ce shi lafiyarshi lau." Gwajin da ake nema gare shi 'yar kwalba ce mai murfi, ba allura ba wuƙa, kuma kuɗinsa bai kai na hoton da aka yi mata ba. Namiji yana ɗauka tunda yana iya kwanciyar aure to yana haihuwa. Abu biyu ne daban. Ruwa zai iya fita da yawansa babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

A cikin mazan da ba a samu ƙwaya a maniyyinsu ba, ko aka samu kaɗan ƙwarai, ƙwayoyin gado suna da kaso mai kauri. Akwai wanda aka haifa da kuromosom X guda biyu da Y ɗaya maimakon X ɗaya da Y ɗaya irin na sauran maza, wato 47, abin da ake kira larurar Klinefelter. Tana samun kusan namiji ɗaya cikin 600, da yawansu ba sa sani sai an zo neman haihuwa. Akwai kuma wanda wani ɗan guntu ya gutsure daga kuromosom Y nasa, daidai wurin da ke ba da umarnin ƙera maniyyi, abin da wasu likitocin Italiya biyu suka fara lura da shi a 1976. Waɗannan ba maganin ƙarfin maza ke gyara su ba, komai tsadar kwalbar da mai lasifika ke tallatawa a bakin kasuwa. Malaman tafsiri, da suka zo ayoyin Suratus Shura da ke cewa Allah Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wani, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa, misalin da suka kawo na kashin ƙarshe Annabi Yahaya ne da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Maza ne. Ban ga dalilin da namijin Sakkwato zai ɗauki 'yar kwalbar gwaji a matsayin cin mutunci ba.

Ta ɓangaren mata ma akwai irin wannan. Wata ana haifarta da X ɗaya tak maimakon biyu irin na sauran mata, ta tashi gajera, al'ada ta ƙi zuwa. Wata al'adarta kan ɗauke tun ba ta kai 40 ba, kuma wani lokaci idan aka bincika sai a ga haka ya faru ga mahaifiyarta ko innarta. A 2016 masu bincike a birnin Shangai na ƙasar Sin suka gano sauyi a ƙwayar gado mai suna TUBB8, wanda ke hana ƙwan mace nuna. Abin da ya ja hankalina shi ne, a iyalai da dama daga uba 'ya'ya mata suka gaje shi, domin shi namiji ba ya hana shi haihuwa. Yarinyar da ake kira juya, ana zagin dangin uwarta, ta yiwu ta tsatson uba abin ya biyo.

Daga nan dole a taɓo auren zumunci, ko da kuwa magana ce mai nauyi a gidajen sarauta da na malamai da rugagen Fulani, inda ɗan wa da 'yar ƙane shi ne auren da aka fi alfahari da shi. Kowannenmu yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu lahani a ɓoye, ba sa cutar da shi saboda kwafin da ya samu daga ɗaya mahaifin lafiyayye ne. Cuta ba ta bayyana sai ɗa ya gaji mai lahanin iri ɗaya ta uwa da ta uba. Ɗan wa da 'yar ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka damar haɗuwar ta fi yawa. Binciken garin Biradfod na Ingila a 2013 ya nuna a irin wannan aure haɗarin haihuwar jariri mai nakasa ya tashi daga kusan kashi 3 zuwa kusan 6 cikin 100. Wato jarirai 94 cikin 100 lafiya suke zuwa, shi ya sa ba na tare da masu cewa a jefar da auren gida baki ɗaya. Inda nake jin tsoro shi ne gidan da aka yi zumunci a kan zumunci, kaka da kaka, kuma ana ganin abu guda yana maimaituwa: jarirai na zuwa ba rai, ko suna rasuwa a makon farko da alamu iri ɗaya, ko mace tana ta ɗaukar cikin nan da ba ɗa a ciki sai ƙulle-ƙulle kamar inabi, wanda tun 2006 aka danganta mai maimaituwarsa da ƙwayar gado NLRP7. Kakanninmu wabi suke ce wa mutuwar 'ya'ya a jere, su raɗa wa na gaba Ajuji ko Ayashe. Wani wabin zazzaɓi ne da gudawa da ƙyanda, wani kuwa jini ne, kuma irin wannan gida ya kamata ya ga likita kafin a sake ƙulla wani auren a cikinsa.

Gado biyu ne suka fi kusa da mu, kuma duka biyun gwajinsu yana da sauƙi. Na farko sikila, amosanin jini. Kusan ɗan Nijeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Sai dai akwai ruɗani: auren AS da AS ba shi ke kawo ɓari ba. Jariri mai SS lafiya yake zama a ciki, lafiya ake haifarsa, ciwon sai ya kusa wata shida yake fara nunawa. Wadda ke cikin haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jini ita ce uwar da ita kanta SS ce, kuma ita ce ya kamata ta fara awo da wuri a asibitin da ke da likitan jini. Wasu kuma suna ɗauka tunda takardar gwaji ta nuna AA da AA, to an wanke su daga duk wani ciwon gado. Wannan gwaji ƙwayar gado ɗaya tak yake dubawa cikin kusan 20,000.

Na biyu shi ne 'yar alamar da ke gaban rukunin jini a katin awo, ta tarawa ko ta ɗebewa. Kusan mutum biyar cikin 100 a Nijeriya jininsu negetib ne, wato mai alamar ɗebewa. Idan uwa negetib ce, ɗan cikinta ya gaji fozitib daga uba, jininsa kan ɗan shiga nata lokacin haihuwa ko ɓari, jikinta ya ɗauke shi a matsayin baƙo ya tanadi makami. Ɗan fari kan tsira. Na bayansa ne ake yaƙa tun a ciki: jininsa ya ƙare, ya kumbura, ya mutu a watannin ƙarshe, ko a haife shi shawara mai tsanani ta kama shi a ranar farko. Tun 1968 ake da allurar da ke hana wannan, a yi wa uwa cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, ko bayan ɓari da wankin ciki. Matar da ta haihu a gida hannun ungozoma, ba ta taɓa sanin rukunin jininta ba, ita ce wannan dama ke kuɓuce wa, kuma idan jiki ya riga ya tanadi makamin allurar ba ta warware shi. A ganina, cikin duk abin da na lissafo, wannan ne asarar da ta fi ciwo, don allura ɗaya ce tsakani.

Sai a yi hattara da masu sayar da tsoro. Akwai gwaje-gwajen daskarewar jini na gado da ake tallatawa da tsada, irin wanda aka gano a birnin Laidin na Holan a 1994, wanda ke jikin kusan kashi 5 cikin 100 na Turawa amma da wuya a same shi a baƙar fatar Afirka ta Yamma. Ciwon daskarewar jinin da aka tabbatar yana kawo ɓari a jere, kuma asfirin da allurar tsinka jini ke taimaka masa, ba gadonsa ake yi ba, garkuwar jiki ce ke rikicewa, kuma sai an gwada sau biyu, da tazarar mako 12, ake tabbatar da shi. Kafin a kai ga gwajin kuromosom, wanda ba kowane asibiti ke yi ba kuma kuɗinsa da nauyi, akwai abubuwan da suka fi yawa a wurinmu: zazzaɓin cizon sauro, tunjere, ciwon suga, ciwon maƙoƙo, ƙarin mahaifa, sakin bakin mahaifa da ke zubar da ciki a wata na biyar, da toshewar bututu bayan ciwon sanyi ko haihuwar da ba a tsaftace ba. Mafi yawansu ana iya dubawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, kuma da yawansu suna da magani.

Abin da ya fi kowane gwaji arha shi ne tarihin gida, na ɓangare biyu. Ciki nawa ya zube, a wata na nawa, an ga bugun zuciya a hoto kafin nan ko ba a gani ba. 'Yan'uwan miji fa, matansu suna ɓari? Akwai baffan da ya yi aure uku bai haihu ba? Mace ba za ta iya amsa waɗannan a madadin dangin miji ba, shi ya sa likita ke neman su zo tare. Idan gwaji ya nuna musanyar kuromosom, zaɓi biyu ne a gaba: a ci gaba da gwadawa tare da kulawar asibiti, ko, ga mai hali, a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a duba 'yan tayin, a dasa wanda lissafinsa ya cika. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta dashe idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma a mahaifarta za a dasa, ta haramta shigo da na wani. Sakamakon kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Idan mutum ya gaji musanyar daga uwa ko uba, 'yan'uwansa na ciki ɗaya ma suna iya ɗauke da ita, kuma ƙanwar da za a aurar bana tana da haƙƙin a gaya mata a asirce, ta je ta gwada nata jinin kafin ita ma ta fara ƙirga ɓari.